Baƙo da Mai Masauki: Cirani, Iyakoki da Haƙƙin Ma'aikaci a Ƙasar Wani

Matanin jawabin da aka gabatar a Gafati, cikin gundumar Mirya, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

 

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba dammuna a rumbu, tashoshin motar Damagaram sukan cika da samari riƙe da ƴan jakunkunansu. Wasu Kano suka nufa, wasu Legas ko Abijan, wasu kuma sukan juya fuska arewa, su bi ta Tanut da Agadas zuwa Tamanrasat ko Sabha. Daga Gafati zuwa Mirya, daga Magarya zuwa Kance, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a waje. A cikin waɗannan matafiya wani kan dawo da abin rufin asiri, ya yi wa mahaifinsa ɗaki ya sayi shanun huɗa. Wani kan dawo a bayan babbar mota, ba jaka ba takalmi. Wani kuma ko gawarsa ba a gani. Abin da ke raba su shi ne matsayin baƙo a inda ya sauka: ko yana da mai tsaya masa, ko yana da takarda, ko yana da inda zai kai ƙara in an cuce shi. Wannan jawabi a kan haka ya tsaya, tare da tunatarwa cewa ƙasar da ke son a mutunta ɗiyanta a waje, sai ta duba yadda take riƙon baƙin da ke cikinta.

Da farko ya kamata a san girman al'amarin. Bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2024 mutum miliyan 304 ne ke zaune a wata ƙasa wadda ba a cikinta aka haife su ba. A 1990 ba su wuce rabin haka ba sai kaɗan. Duk da wannan yawa, ba su kai kashi 4 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Kuɗin da ma'aikatan ƙetare ke aikawa gida a ƙasashe masu tasowa ya wuce dalar Amurka biliyan 600 a shekara, bisa ƙiyasin Bankin Duniya, wato ya fi dukan taimakon da ƙasashe masu arziki ke bayarwa nesa ba kusa ba. Gidajen rediyon Turai sun fi ba da labarin masu nitsewa a Bahar Rum, alhali kuwa mafi yawan ƴan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasashensu a cikin yankin suke. Badamagaren da ya fita biɗa ba Roma ko Paris yake hange ba. Burinsa ya yi rani yana ga-ruwa, ko dako, ko gadi, ko aikin gini, ya komo kafin shuka.

Tafiya ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa, domin ita ce ma ta gina ta. Tarihin sarautar Damagaram ya nuna cewa wanda ya kafa gidan malami ne da ya zo daga wajen Barno. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan sarauta ta fiye da shekara 30, birnin ya zama mahaɗar ayarin da ke zuwa daga Tarabulus da Gat da Agadas, da na Kano da na Kukawa. Ana cinikin gishiri da tufafi da fatu da gashin jimina, ana kuma cinikin bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba. A wajen ganuwar Birni aka yi Zango, inda fataken Abzinawa da sauran baƙi suke sauka. Har yau unguwar tana nan da sunanta.

Zango ba wurin kwana kaɗai ba ne, tsari ne mai ƙa'ida. Falke yakan sauka wajen mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. In baƙo ya yi laifi, mai gida ake nema. In an zalunci baƙo, mai gida ke kai kuka fada. Da wannan tsari Hausawa suka zauna a Kumasi da Akkara, da unguwar Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, da Mai Wurno a ƙasar Sudan, inda masu hijira suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da masana na yau ke kira manufar shigar da baƙi cikin al'umma, kakanni sun san shi da sunan masauki da lamuni.

Zuwan Turawa ne ya sauya lissafi. Sojojin Faransa sun shiga Damagaram a 1899, bayan haka aka ja layi tsakanin Faransa da Ingila, ya raba Magarya da Daura, ya raba gona da mai ita. Haraji da aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946, sun sa ƙauyuka da dama tsallakawa kudu. Bayan ƴancin kai a 1960 sai wani sabon abu ya shigo: kowace ƙasa ta sami ikon cewa wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mai gida yana iya kare baƙonsa daga macucin dillali, amma ba ya iya kare shi daga dokar gwamnati.

An ga haka a Gana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen da suka shekara 30 a zangon Kumasi, waɗanda ɗiyansu ba su san wata ƙasa ba, suka karyar da dukiyarsu suka hau mota. An sake gani a Najeriya a watan Janairu na 1983, bayan faɗuwar farashin man fetur, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta kori mutum wajen miliyan 2, rabinsu ƴan Gana, da ƴan Nijar masu yawa a cikin sauran. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, aka ƙara wata korar a 1985, daidai lokacin da fari ya cinye damina. Dattawan da ke wannan wuri ba su manta ba da sunan da talakawa suka sa wa yunwar shekarar, wato El-Buhari. A Kwaddibuwa, ƙasar da Ufuwet Buwanyi ya buɗe wa maƙwabta ƙofa don noman koko da kofi, an ƙirƙiro katin zaman baƙi a 1990, daga baya siyasar wane ne asalin ɗan ƙasa ta kai ga yaƙin 2002. Salon guda ne a ko'ina: in kasuwa na ci a kira baƙo, in ta faɗi a ce shi ya kawo tsiya. Wanda ba shi da takarda shi ake fara ɗauka.

Daga nan sai a duba hanyar arewa, wadda ta fi cin rayuka. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da mutuwar kasuwar gyaɗa, wadda a da ita ce kuɗin manomin Damagaram, da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, samari suka ƙara karkata zuwa Libiya da Aljeriya. Kanar Gaddafi ya yi kiran ƴan Afirka su zo aiki, har aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus a 1998. Sai dai kira ne na baki, babu wata takardar da ke kare lebura. A watan Satumba na 2000 aka far wa baƙaƙen fata a garin Zawiya, aka kashe mutane. Da yaƙi ya ɓarke a 2011, ƴan Nijar fiye da dubu 200 suka komo gida, bisa lissafin gwamnati, yawancinsu hannu rabbana. Gidan da ke jiran saƙo duk wata ya wayi gari da ƙarin bakin ci.

Abin da ya fi girgiza wannan jaha shi ne na watan Oktoba na 2013. Motoci biyu suka lalace a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su, kuma akasarinsu mutanen ƙasar Kance ne. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Masu iya magana sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17, kuma jahar Damagaram ce kan gaba da miliyan 3 da rabi. A kudancin jahar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, hatsin da aka girbe kuma ba ya kai iyali wata shida. Matar da mijinta ya tafi ya yi shiru, ga ɗiya ga bashi, in ta ga maƙwabciyarta ta dawo daga Tamanrasat ta sayi awaki, wa'azi kaɗai ba zai tsayar da ita ba.

Yaya hukumomi suka tunkari lamarin? A ƙarshen 2014 Nijar da Aljeriya suka shirya a riƙa maido da ƴan Nijar marasa takarda, musamman mata da yara masu bara. Ranar 26 ga Mayu 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda aka tsananta aiki da ita daga 2016, bayan taron Valeta inda Tarayyar Turai ta yi alkawarin kuɗi. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Lissafin masu wucewa ta babbar hanya ya ragu, amma tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga inda ba kowa, kuɗin mota ya hau, in an hango sojoji a zubar da fasinja a tsere. Ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdurahman Tiani ya soke dokar. Soke ta ya sauƙaƙa wa matafiyi hanya har iyaka, amma bai ba shi matsayi a ƙasar da ya shiga ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum fiye da dubu 30 da Aljeriya ta koro zuwa Nijar a cikin 2024 kaɗai. Da yawa daga cikin waɗanda ba ƴan Nijar ba a fili ake sauke su, su taka wajen kilomita 15 kafin su iso Asamaka. A watan Maris na 2022 kuma sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar ya kwaso mabarata wajen dubu, yawancinsu daga Kance da Magarya. Darasin a bayyane yake: hana tafiya yana ƙara mata tsada da haɗari, sakin ta ba tsari kuma yana barin matafiyi a hannun duk wanda ya ga dama.

Ƙasashen Turai ma sun sha wannan darasi ta wata fuska. Jamus ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, tana kiransu baƙin ma'aikata, da zaton in sun gama za su koma. Ta daina ɗauka a 1973, amma mutanen suka zauna, suka kawo iyali, suka haifi ɗiya. Sai a shekarar 2000 ta gyara dokarta ta ba ɗan baƙon da aka haifa a can hanyar zama ɗan ƙasa. Faransa ta dakatar da shigowar ma'aikata a 1974, bayan ta shekara da shekaru tana tara leburorin Magrib da na Mali da Senegal a gidajen gwauraye a bayan gari. A 1986 ta cusa ƴan Mali 101 a jirgi guda, a watan Agusta na 1996 kuma ƴan sanda suka fasa ƙofar majami'ar Saint-Bernard a Paris don fitar da marasa takarda. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. A harkar ƙwadago ba haka abin yake ba, domin wanda aka kira ya yi aiki yakan yi aure, ya haihu, ya tsufa a nan. Ƙasar da ta ƙi shirya wa zamansa tun farko, ita ke biyan kuɗin gyara bayan shekara 40.

Yanzu sai a juyo gida, domin Nijar ma mai masauki ce. A kasuwar Dole akwai Yarabawa da Ibo da suka daɗe suna sayar da kayan gyaran mota da tufafi. Akwai magina da kafintoci ƴan Togo da Benin. Akwai dubban ƴan gudun hijirar Najeriya a jahar Difa tun 2013, da jahar Maraɗi tun 2019. A Maraɗi an gwada wani abu mai kyau: maimakon a killace su a sansani, an zaunar da wasu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, inda baƙo da ɗan gari ke shan ruwan famfo guda, ɗiyansu na zuwa lakwal guda. Wannan zango ne na zamani. To amma tarihin Nijar ma yana da tabo. A ƙarshen 1963, saboda rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome, har da ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshi da makarantu. A watan Oktoba na 2006 an ba da sanarwar korar Larabawa Mahamid daga jahar Difa, kafin a janye bayan ƴan kwanaki. Wanda ya tuna zafin 1983 bai kamata ya yi wa wani irinsa ba.

Akwai kuma baƙon da ya fi mai gida ƙarfi. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Tanut, tana iya tace ganga dubu 20 a rana, kuma kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinta na kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne. Ma'aikata ƴan ƙasa sun daɗe suna kukan tazarar albashi tsakaninsu da Sinawa. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai, tana mai kafa hujja da wannan tazara. Ƙa'idar da ke kare leburan Damagaram a Sabha ita ce ke kare ma'aikacin SORAZ a gida: aiki iri ɗaya, lada iri ɗaya, ba a duba fasfo.

Takardun da ke faɗin haka suna nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu ranar 18 ga Disamba 1990. Libiya ta shiga a 2004, Aljeriya a 2005, Nijar a 2009, amma babu ƙasar Tarayyar Turai ko guda da ta rattaba hannu. Ganin abin da ke faruwa a Asamaka ya isa shaida cewa sa hannu daban, aiki daban. Ita kuwa yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, ita ce rigar da ƴan cirani suka daɗe suna sanye da ita. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, suna cikin ƙawancen AES. A lokacin ficewar, CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku har sai an yi wani shiri. Alfarma ce wannan, kuma alfarma ana iya janye ta. Ƴan kasuwar da suka ga rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun san abin da rufaffiyar iyaka ke yi wa farashin masara. Iyakar nan ta kai wajen kilomita 1,500, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971. Ya dace a yi amfani da ita a rubuta haƙƙin ɗan cirani baƙi da fari, kada a jira sai wata gwamnati ta ba da wa'adin mako biyu.

To wane ne zai yi me? Aiki na farko yana hannun ma'aikatan da ke zaune a nan. Kariyar matafiyi daga takardar haihuwa take farawa, sai katin ɗan ƙasa. Duk ma'aikacin magajin gari da ya sa talaka ya yi ta zarya a kan takarda har ya gaji ya tafi ba ita, ya miƙa shi ga masu kame. Haka duk mai kaki da ke tsaye a shinge yana karɓar na goro daga hannun baƙo mai cikakkiyar takarda, ya sani ana yi wa ƙanensa irin haka a wani shinge.

Na biyu yana wuyan gwamnati. Gonaki da wuraren gini na Aljeriya da Libiya suna bukatar hannu, samarin Damagaram kuma suna bukatar aikin rani. A ƙarshen 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ƙwadago. Abin da ya rage shi ne a mai da irin wannan takarda ta zama izinin aiki na wata shida wanda ɗan Gafati zai iya nema a Damagaram, da ƙaramin jakada da zai amsa kira in an hana shi ladansa.

Na uku na ƴan kasuwa ne, magadan masu gidan Zango. Alhajin da ke da shago a Kano ko Kwatano ko Tamanrasat ya fi kowane jami'i sanin inda ɗiyan garinsu suke kwana. Ƙungiyoyin ƴan gari a ƙetare suna iya rubuta sunan duk wanda ya sauka, su tsaya masa wajen mai aiki, su sa a yi yarjejeniya gaban shaidu. Haka kuma yaron shagon da ya zo daga wata ƙasa yana da haƙƙin a biya shi abin da aka yi alkawari.

Na huɗu ya shafi iyaye da sarakuna da malamai. Cirani na baligi sana'a ce mai daraja. Ɗaukar yaro ɗan shekara biyar, balle a karɓo shi haya daga hannun uwarsa, a ratsa hamada da shi don ya riƙe kwanon bara, wannan wani abu ne dabam, kuma dokar 2010 ta hana fataucin mutane tana nan. Yara 52 na 2013 ba su zaɓi tafiya ba. Amma hukunci ba zai ci ba sai uwa ta sami abin yi a gida: lambun rani, da jarin kiwo, da abincin rana a lakwal.

Allah ya kiyaye matafiya, ya maido su gida lafiya, ya ba masu masauki ikon riƙe amana.